Me ke narkar da fistin motoci a yankin Haɗeja?

Tun bayan da shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, masu motoci a Najeriya suka shiga neman duk wata dabara da za ta rage masu kuɗin da suke kashewa a gidan mai.

Ɗaya daga cikin dabarun ita ce komawa ga motoci masu ƙananan injuna da aka sanya wa na'urar turbo, waɗanda ke ba da ƙarfin babban inji ba tare da shan mai irin nasa ba.

Sai dai a wurare irin su Haɗeja da ke jihar Jigawa, inda zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos a watannin Afrilu da Mayu, irin waɗannan injuna na fuskantar wata matsala da kan mayar da ribar ta koma asara, wato ƙonewa ko narkewar fistin.

Idan hakan ta faru, mai mota kan ɗora laifin a kan bakanike, bakanike ya ɗora a kan mai, mai sayar da mai kuma ya ce motar ce ba ta da ƙwari.

Amma idan aka bi lamarin daki-daki, za a tarar cewa inji ne da aka ƙera domin yanayi mai sanyi da man fetur mai inganci ya gamu da zafi da ƙura da lodi, sannan ya gamu da tsimin da tsadar rayuwa ta tilasta wa mai shi.

Mota a yankin fadama

Garin Haɗeja, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Kano, shi ne cibiyar kasuwancin wani yanki mai faɗi na fadama, wanda kogin Haɗeja ke ratsawa kafin ya haɗu da kogin Jama'are su nufi tafkin Chadi ta jihar Yobe.

Daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kiri Kasamma da Guri, ana noma shinkafa da damina, da rani kuma a noma alkama da barkono da albasa da tumatir, baya ga kifin da ya yi wa kasuwar garin suna.

A watan Janairun 2023 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, bayan gyaran da aka yi masa da rancen Bankin Duniya. A watan Nuwamban wannan shekara kuma, a yankin Haɗeja ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani.

Kusan dukkan wannan amfanin gona a mota yake fita zuwa Kano da kudancin ƙasar, saboda haka lafiyar inji a nan batu ne da ya shafi farashin abinci.

Galibin ƙananan motocin hayar da ke bin hanyar Kano zuwa Haɗeja ta Gujungu, irin su Golf da bas-bas ƙirar Hiace, ba su da turbo, ko da yake akwai nau'in Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, mai ɗauke da ita.

Amma manyan motocin ɗaukar kaya irin su DAF da MAN da Howo duk injunan dizal ne masu turbo, haka ma wasu daga cikin motocin tarakta.

Canjin da ake gani yanzu a ɓangaren ƙananan motoci na fetur yake. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka sun tilasta wa kamfanoni rage girman injuna. Kamfanin Honda ya daina sanya inji mai silinda shida a motarsa ƙirar Accord daga samfurin 2018, ya maye gurbinsa da ƙanana masu turbo, Toyota ma ya yi haka a Highlander ta 2023.

Zuwa shekarar 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da turbo.

Da yake kasuwar motoci ta Najeriya ta dogara ne a kan waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje, wato 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, abin da aka ƙera a can shekaru takwas ko goma da suka wuce shi ne ke isowa yanzu. Ma'ana, yawan irin waɗannan injuna ƙaruwa zai yi, ko an so ko ba a so ba.

Yadda turbo ke aiki

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1905.

Dabarar ita ce a yi amfani da hayaƙin da ke fita daga inji wajen juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa ƙarin iska cikin silinda. Ƙarin iska na ba da damar ƙona ƙarin mai, ƙarin mai kuma shi ne ƙarin ƙarfi.

Waɗannan fankoki kan yi juyi fiye da sau 150,000 a minti guda, yayin da hayaƙin da ke juya su a injin fetur kan kai zafin digiri 900 ko fiye.

Matsalar ita ce duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan iskar waje na digiri 40, to bayan turbo ta matse ta tana iya haura digiri 120. Shi ya sa ake sanya wata na'ura mai kama da lagireto a gaban mota, wadda kanikawa ke kira intakula, domin ta sanyaya iskar kafin ta shiga inji.

Sai dai intakula da iskar waje take sanyayawa, don haka ba za ta taɓa sauke zafin ƙasa da na yanayin da motar ke ciki ba. Motar da ta saba shaƙar iska mai digiri 15 a Jamus, a Haɗeja cikin watan Afrilu da zafinta take fara aiki.

Shi kuwa fistin, akasari da alminiyom ake yin sa domin ya yi sauƙin nauyi. Alminiyom na narkewa a digiri 660, kuma tun kafin ya kai nan yake fara yin laushi, alhali wutar da ke ci a cikin silinda kan wuce digiri 2,000.

Abin da ke hana shi narkewa shi ne wutar ba ta daɗewa, akwai kuma wani siririn shimfiɗin iska da ke manne a kansa yana kare shi, sannan zobbansa na miƙa zafin ga bangon silinda, baƙin mai kuma na fesa masa ta ƙasa. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, sai fistin ya fara ƙonewa.

Hanyoyin lalacewa

Masana injuna na kasa dalilan ƙonewar fistin zuwa manyan gidaje uku.

Na farko shi ne fashewar mai ba bisa tsari ba. A ƙa'ida, fulogi ne ke kunna wuta, ita kuma ta bi cakuɗen mai da iska sannu a hankali. To amma idan zafi da matsi suka yi yawa, ko man ba shi da juriya, ragowar cakuɗen kan fashe da kansa, ya ba da wata ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewa ce ke share shimfiɗin iskar da ke kare fistin, ta kuma karya gurbin zobbansa.

Mafi muni shi ne idan wutar ta kama tun kafin fulogi ya ba da tartsatsi, sakamakon wani abu da ya yi ja a cikin silinda, kamar dattin hayaƙi ko bakin fulogin da bai dace da injin ba. Wannan kan iya huda tsakiyar fistin cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Na biyu shi ne ƙarancin mai a cikin cakuɗen. Injin fetur na buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi, amma a lokacin da turbo ke aiki sosai, kwamfutar mota kan ƙara mai fiye da haka da gangan, domin ƙarin man ya sanyaya silinda. Idan famfon mai ya yi rauni, ko filta ta toshe, ko nozul ya cushe, wannan ƙarin ba zai samu ba.

A injin dizal kuwa, nozul ɗin da ya lalace yakan riƙa tsiyayar da mai wuri guda maimakon ya fesa shi kamar hazo, sai ya ƙona kan fistin tamkar wutar walda.

Na uku shi ne gazawar hanyoyin sanyaya inji, wato ruwa da baƙin mai. A nan fistin kan kumbura ya goge bangon silinda har ya maƙale, abin da direbobi ke cewa inji ya buga.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin alamarsa. Ƙananan ramuka a gefen kan fistin da karyewar gurbin zobe na nuna fashewar mai, rami a tsakiya na nuna wutar da ta riga fulogi, gogewar gefe kuma na nuna ƙarancin ruwa ko baƙin mai. Bakaniken da ya sauya fistin ba tare da ya karanta wannan alama ba, ya bar cutar a cikin motar.

Batun ingancin mai

Juriyar man fetur ga fashewa ana auna ta ne da ma'aunin okten. A Turai, man da aka fi sayarwa mai lamba 95 ne, kuma da shi aka tsara yawancin injunan turbo na can. Mafi ƙarancin abin da ƙa'idar Najeriya ta amince da shi 91 ne, wanda ya yi daidai da fetur na gama-gari a Amurka.

Bugu da ƙari, gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa. Wanda ya taɓa zuwa Saudiyya ya san cewa a can akwai famfon 91 akwai na 95, kuma irin waɗannan motoci na yawo a zafin da ya kai na Haɗeja ko ya fi shi. Wannan na nuna cewa rana ita kaɗai ba ta isa ta narkar da fistin ba, sai ta samu abokan aiki.

Motocin zamani na da wata na'ura da ke jin ƙarar fashewar mai, ta sanar da kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi. Hakan na kare fistin, amma yana rage ƙarfin mota, ya ƙara mata shan mai, ya kuma ƙara zafin hayaƙin da ke bi ta turbo. Ke nan tsimin man da aka sayi motar dominsa tun daga nan yake fara zubewa.

'Yan Najeriya ba su manta da abin da ya faru a watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA mai kula da harkokin man fetur ta sanar da gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka shigo da man, ya kuma bayyana cewa gwaje-gwajen da aka saba yi ba su haɗa da auna metanol ba.

Ƙarfin da ke cikin metanol kusan rabin na fetur ne, don haka injin da ya sha shi tamkar an rage masa mai ne, ga shi kuma yana cin robobin hanyoyin mai. Janye wannan mai daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka na makonni a faɗin ƙasar.

Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, lamarin da ya rage dogaro da man da ake shigowa da shi. Sai dai tsakanin Legas da Haɗeja akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin tanka, kuma ingancin mai a bakin matata ba shi ne ingancinsa a bakin tankin mota ba.

A ƙauyukan fadama da ke nesa da gidajen mai, 'yan bumburutu ne ke cike giɓin. Fetur ɗin da ya yini a jarka ko galan a cikin rana yakan rasa sassansa masu saurin tashi, juriyarsa ta ragu, ban da ƙura da ruwan da ke iya shiga cikinsa.

Ƙura da taɓo da lodi

Yanayin ƙasar ma na da nasa kason. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan toshe iyakilina. Lokacin casar shinkafa da alkama kuma, ƙaiƙayi kan cika ramukan lagireto da intakula.

Da damina, musamman a shekarun ambaliya irin su 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi da dama a masarautar Haɗeja, motoci kan ratsa ruwa da taɓo. Intakula a yawancin motoci a ƙasa take daga gaba, kuma taɓon da ya bushe a jikinta na hana iska wucewa har tsawon watanni ba tare da direba ya lura ba.

A hanyoyin rairayi irin na wajen Birniwa, mota kan yi amfani da dukkan ƙarfinta alhali tafiyar ba ta da sauri, ga lodi fiye da ƙima. Wannan shi ne yanayi mafi tsanani ga inji, domin wuta na ci sosai a ciki, iskar da za ta sanyaya shi daga gaba kuma ba ta isa ba.

Tsimin da ke jawo asara

Kafin janye tallafi, ana sayar da litar fetur a ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta zarce naira 1,000. A wannan watan ne wata tankar mai ta kife ta kama da wuta a garin Majiya da ke kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, inda fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka je ɗibar man da ya malale.

Man dizal tun a 2022 ya yi tashin gwauron zabo, daga kimanin naira 300 zuwa 800, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Darajar naira kuma ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, abin da ya ɗaga farashin baƙin mai da kayan gyara a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da ke Kano.

Direban da ya tsinci kansa a wannan hali dole ya nemi inda zai rage, kuma abin takaici shi ne kusan duk inda yake ragewa nan ne injin turbo ba ya yafewa.

Yakan sayi mai kaɗan-kaɗan, tanki na yawo kusan babu komai, alhali famfon da ke cikin tankin da man yake sanyaya kansa. Yakan jinkirta juyen baƙin mai, ko ya sayi na awo daga durom wanda bai san asalinsa ba, duk da gargaɗin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha yi a kan jabun baƙin mai.

Yakan kuma yi saurin shiga babbar giya domin tsimi, sannan ya take totur idan ya zo wuce wata mota. A sababbin injuna masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, wannan ɗabi'a na iya haddasa wata irin fashewa mai ƙarfin gaske da kan tsaga fistin nan take. Saboda ita ne cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta fito da sabon mizanin baƙin mai na SN Plus a 2018, da kuma SP a 2020.

Akwai kuma wasu al'adun gyara da aka gada daga zamanin tsofaffin motocin Fijo. Kanikawa da dama kan cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, su haɗa fanka kai tsaye, su zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan rijiya na barin tsatsa da ɓawon gishiri a cikin bututu, cire tamostat kuma na rikita lissafin kwamfutar mota.

A zamanin kafireto, kunnen bakanike ya isa ya gano cuta. Injin turbo na zamani kuwa sai da na'urar bincike da kuma wanda ya iya karanta ta.

Iskar gas

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su riƙa amfani da iskar gas ta CNG a shekarar 2023, a matsayin hanyar rage raɗaɗin janye tallafi. Fatan isar gas ɗin arewa da yawa kuma ya rataya ne a kan bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara aikinsa a 2020.

Ta fuskar fashewa, iskar gas ta fi fetur juriya nesa ba kusa ba. Amma da yake a busasshiyar iska take shiga inji, ba ta sanyaya silinda kamar yadda fetur ke yi idan yana tururi, kuma idan ba a saita yawanta daidai ba, matsalar ƙarancin mai a cakuɗe na iya dawowa. Injuna masu fesa mai kai tsaye sun fi wuyar juyawa, domin nozul ɗinsu da fetur ɗin da ke ratsa shi yake sanyi.

Saboda haka idan aka bar aikin a hannun waɗanda ba su da horo, ana iya gudun gara a faɗa gidan zago.

Ina mafita?

Wani ɓangare na maganin na hannun direba, kuma ba shi da tsada. Wanke lagireto da intakula bayan damina da lokacin casa, sauya filta a kan kari, amfani da baƙin man da littafin mota ya ambata, sauka zuwa ƙaramar giya kafin taka totur, da barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe shi bayan doguwar tafiya, duk suna tsawaita ransa.

Haka nan ga wanda zai sayi mota, yana da kyau ya duba lambar okten da aka rubuta a murfin tanki ko a littafinta. Motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka domin fetur na gama-gari ta fi dacewa da man da ake samu a nan, fiye da wadda ke neman 95 ko 98.

Amma ragowar nauyin na kan hukumomi. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa NMDPRA alhakin tabbatar da ingancin man da ake sayarwa, kuma darasin 2022 ya nuna cewa gwaji a tashar jirgin ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai an bi mai har gidajen da ke sayar da shi a garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Nguru.

Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kanikawa ma na da rawar takawa wajen horar da matasa a kan sababbin injuna, tun kafin su mamaye tituna.

Ga ma'aikacin da ya yi shekaru yana tari kafin ya sayi mota, ko direban da ya karɓi ta haya bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan, fistin ɗaya da ya narke na nufin sauke inji, da makonni ba aiki, da kuma bashi. Ga manomin da tumatir ɗinsa ke jiran mota a bakin fadama kuwa, jinkirin kwana biyu ya isa ya cinye ribar shekara.

Abin jira a gani shi ne ko ingancin mai da ƙwarewar masu gyara za su iya cim ma saurin da motocin ke sauyawa da shi.